Kujera ta Biyu

Shekara ashirin da shida ina zaune a hagunka, Anselmo,
ni ne begila ta biyu.
Na san tarinka, na san warin man da kake ɗiga wa maɓallai,
na san yadda kake ƙirga shiru da babban yatsan ƙafa
cikin baƙin takalmin da ruwan saman Porto ya gama cinyewa.

Mutane sun ɗauka busa ce sana'armu.
Ina! Jira ne.
Masu goge arba'in suna ta saƙa da warwara,
mu muna can baya kamar 'yan gadi,
ɗari da tara, ɗari da goma,
sai mai sanda ya ɗaga gira,
ka saki sauti guda
wanda in ya fashe, har mai yanka tikiti a waje sai ta ji.

Ka ce ubanka masunci ne a Matosinhos.
Begilarka ta fari aro ce daga 'yan badujalar unguwa,
a lotse, bakinta gishiri da tsatsa.
A rumfar ɗinkin taru ka koya,
don mahaifiyarka ta rantse ko ita ko wannan kuka a gidan.
Kantar leɓenka daga can ka taho da ita,
ita ce takardar shaidar da ba ka taɓa ratayewa a bango ba.

Daren nan na Nuwamba yana nan a kunnena.
Sautin ƙololuwa ya iso, leɓe ya ƙi,
ya yage kamar tsohon zani gaban mutum dubu.
Ban waiwaye ka ba.
Iyakar abin da nake da shi na ba ka ke nan.
Da aka watse ka sayi gasasshen kifi biyu a bakin Douro,
ka cinye naka, ka cinye nawa,
ka ce, "Gobe ƙarfe bakwai."
Bakwai ɗin kuwa na jiyo ka ta bango
kana jan sauti ɗaya, dogo, kamar ɗan koyo.

Ɗaki na sha huɗu, ranakun Talata.
Kyandir a kan tebur.
"Ki kwantar da harshen wutar, Benedita, kada ki kashe.
Kar ki yi kokawa da tagulla, ba ta jin ciwo,
ke ce za ki kwana da shi."
Yarinyar ta yi kuka sau uku a wata guda,
kai kana ɓare lemo, kana jira.
Almajiranka sun bazu:
wani yana Lyon, wani yana busa wa masu rawa a jirgin ruwa,
Custódio ya ajiye, ya zama likitan haƙori,
shi ne ma ya dube ka ya faɗa maka gaskiya.
Haƙora suka sallame ka, ba hukuma ba.

Yanzu Benedita ce a kujerarka.
Ni ina nan inda ka bar ni, na biyu,
gashi ya yi fari, numfashi sai da lallashi.
Takardun waƙar naka ne har yau,
da rubutun fensirinka a gefe:
"Shaƙi iska a nan, wawa."
Ta ƙi gogewa.

Jiya na hango ka a bene na ƙarshe,
wurin kujeru masu araha, hula a gwiwa.
Ɗari da tara, ɗari da goma,
na ga kafaɗunka sun tashi, ka cika ƙirji,
ka riƙe.
Ita ta busa.
Sai da ta sauke ka saki,
ni kuwa, tsoho da ni, na makara da shiga.